Gurbina a Hagun Vernice

Talata, 9 ga Yuli, da hantsi

Kin fara? To sa sunana tukuna. Ozella Gaines. Mai rubutun kuma maƙwabciyata ce, Mis Tuggle, wadda ƙofarta ke kallon tawa, ta tsufa a gidan waya tana raba wasiƙun mutane. Ni ban iya ba. Aji biyu na yi a Carolina aka cire ni aka kai ni gonar taba, da muka dawo Filadalfiya kuma sai gidan wanki da guga. Ɗana Lamont ya ce in riƙa magana waya tana ɗauka. Na ce a'a. Ba na so a mayar mini da muryar nan in ji.

Matar can ta wurin da nake zuwa ran Litinin ita ta ce in riƙa fitar da abin da ke raina. To ga shi: Vernice ta kawo wata.

Mu uku ne, 'Yan Matan Layin Dauphin. Vernice ke ba da waƙa, ni da Claretha muna amshi, Claretha muryar sama, ni muryar ƙasa. Claretha ta rasu, saura mu biyu. Ran goma ga watan gobe mutumin rediyon nan ya shirya wasan tsofaffin waƙoƙi a filin shaƙatawa, kuma mu ne za mu rufe taro. Rabon da a ce mu ne za mu rufe taro tun Lamont yana goye.

Asabar na je bita gidan Vernice, na tarar da wata ƙatuwar mace a kujerar da nake zama, tana cin burodin masara.

"Zell, ga Gwen, daga mawaƙan cocinmu. Za ta ɗan zauna ta saurara."

"Ta saurari me? Ba rediyo a gidansu?"

"Kar ki fara."

Matar ta miƙe har tana share hannu a siket. "Mis Ozella, tun ina 'yar firamare nake jin ku."

Na ce, "Sannu da ƙoƙari."

Mura ce kawai. Rubuta wannan da kyau. Mura ce ta ɗan shaƙe ni, shi ne Vernice ta samu ƙofa.

Alhamis, 11 ga Yuli, da yamma

Zafi kamar a gidan guga. Mis Tuggle ta ce in kwance ƙyallen nan na wuyana kafin in narke. Na ce ado ne, ta yi aikin da aka sa ta.

Ke kin zo unguwar nan bayan an gama komai, ba ki san mu ba. Benen da muke haya a layin Dauphin yana da wata matakala mai amsa-kuwwa, warin kabeji da fitsarin mage, amma in kika yi waƙa a wurin sai ki rantse ku goma ne. Nan muke zama bayan na taso daga wanki, yatsuna duk sun yi laushi da ruwa. Uwar Claretha ta ɗinka mana rigunanmu na farko da yadin labule. Mun yi wasa sau biyar a yini a gidan wasan nan na babban titi, muna sauka muna cire hular gashi muna firfita kai da kwali, muna sake hawa. Mun shiga doguwar mota har Carolina, garin da aka haife ni, aka hana mu banɗaki a gidan mai, Claretha ta ce to mu shiga gonar masara mu yi wa masara amshi.

Makirufo biyu ake ba mu. Ɗaya na Vernice ita kaɗai, a gaba, inda fitila take. Ɗaya namu ni da Claretha, kunci da kunci. Kanumfari take taunawa. Na san lokacin da za ta ja numfashi kafin ita ta sani.

Waƙarmu da ta yi tashe, Vernice za ta ce, "Wa ya faɗa maka na yi kuka?" Claretha ta amsa daga sama, "Ba ni ba." Sai ni in amsa daga can ƙasa, "Ba ni ba." Nawa ne na ƙarshe. Shi samari ke kwaikwaya a bakin titi suna kumbura wuya. Amma je ki duba kwalin faifan, fuskar Vernice kamar faranti, mu biyu a baya kamar an manta da mu a hoton.

Ban taɓa magana ba. Shekara hamsin da ɗoriya ina kallon ƙeyar Vernice ban taɓa magana ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan coci

Ban yi waƙa ba yau, baki kawai na riƙa motsawa. Ba wanda ya lura.

Laraba, 17 ga Yuli, da rana

Lamont ne ke rubutawa yau. Na sa ya fara karanta mini abin da Mis Tuggle ta rubuta, in ji ko ta yi mini kwaskwarima. Ba ta yi ba. Har "ƙatuwar" ta sa.

Shi ya kai ni asibiti shekaranjiya. Ba zan faɗi abin da suka ce ba, shi ma ba zai rubuta ba. A mota muka yi ta.

"Ran bakwai suka ce za a yi aikin, Mama."

"Ka ce musu bayan goma."

"Ba kasuwa ba ce, Mama, ba a ciniki."

"Kwana uku ne tsakani. Abin da ya jira tun bikin Ista ba zai jira kwana uku ba?"

"Tun Ista? Kin ce mini watan jiya ya fara."

Na kalli taga.

Yana so ya kira Vernice. Anti Vernice, Anti Vernice, tun yana yaro bakinsa ke nan, don tana ba shi alewa. Na ce in ya kira ta ban yafe ba. Ta ji, ta zo nan da tukunyar ganye da ƙashin talotalo, ta zauna tana kallona da idon tausayi, kunnenta cike da 'yan kunne? Gara ta ɗauka taurin kai ne.

Kuka kake yi? To ajiye, ka je ka wanke fuska. Ƙato da kai, da jikoki.

Juma'a, 19 ga Yuli, da safe

An auna Gwen.

Mai ɗinki ce ta kira ni wai in zo a duba ko rigata tana bukatar ragi, ta ce, "Ta uku ma na yanka, shuɗiya iri ɗaya." Na ce ta uku ta wa? Sai ta gane ta yi ɓaranɓarama.

Mis Tuggle, ki saurara, wannan shi ne abin da ke cin raina. Da Claretha ta rasu, wasan farko da muka yi bayanta, ni da Vernice ba mu yi shawara ba. Na je makirufo na tsaya a gefena, na bar mata rabinta. Vernice ta ce, "Wa ya faɗa maka na yi kuka?" Sai shiru. Makaɗa suka ci gaba, wurin Claretha ya wuce ba kowa a ciki, sannan na amsa nawa. Mutane suka miƙe tsaye. Tun daga ranar haka muke yi, shekara goma sha ɗaya. Yara nawa suka zo da muryoyi kamar sarewa suna roƙo a sa su? Vernice ta ce, "Ba a cike gurbin Claretha." Har mutumin rediyon ta faɗa wa haka a fuskarsa.

Ni kuma ga ni da raina, ina hawa mota da ƙafata, mura ta ɗan kama ni, har an yanka yadi.

Ubangiji ya gafarta mini, kishin matacciya nake yi. Ita ko a kabari ta fi ni daraja a wurin Vernice. Da ma haka suke tun muna yara, su biyu suna raɗa a kujerar baya, ni ina riƙe da akwatunan hular gashi.

Kar ki goge. Na ga hannunki ya tsaya.

Asabar, 20 ga Yuli, da yamma

Na je bita. Na sha zuma da lemon tsami tun safe, ban yi wa kowa magana ba don in tara ta.

Baiti na farko lafiya. Na biyu lafiya. Da aka zo wurina na buɗe baki, sai iska. Kamar an taka tsohuwar ƙwallo. Kuma kafin shirun ya faɗi ƙasa sai na ji wata murya daga kujera ta ɗauke shi, a hankali, kamar mai tare kofi zai faɗi.

Na juya. "Wa ya aike ki?"

"Yi haƙuri, Mis Ozella, fita ya yi."

"To ki mayar da shi."

Vernice ta kashe kiɗan. Ta zauna tana murza gwiwa. "Zell, ba korar ki nake ba. Ta tsaya kusa da ke, in ya fito miki shi ke nan, in bai fito ba ta tallafa."

"Ni jaririya ce?"

"Amma sai kin koya mata. Amsar nan kowa ya iya ta. Abin da kike yi a ƙarƙashina cikin baitoci ne ba ya fita a faifai, ya haɗe da jita. Ta saurara har kunnenta ya yi zafi. Ba mai shi sai ke."

Ba mai shi sai ni. Sai yau ta sani.

Na ce Gwen ta zo ran Talata.

Talata, 23 ga Yuli, da la'asar

Ta zo da kek ɗin dankali. Motar 'yan makaranta ta tuƙa har ta yi ritaya, shi ya sa take magana kamar kowa kurma ne. Ta zauna a bakin kujera, hannu a cinya.

Na koya mata. Rubuta "na koya mata", sannan ki bar ɗan fili.

A baiti na biyu, inda nake sauka, na ce mata hawa ake. A na uku, inda nake riƙewa har Vernice ta gama, na ce ta saki da wuri. Ta maimaita, ta maimaita, har da rufe ido. Ta ce, "Kai, ashe haka yake. Shi ya sa na kasa ji." Na ce ai sirrin ke nan.

Muryarta tana da kyau. Wannan kar ki rubuta.

Na ci kek ɗin bayan ta tafi. Ya ƙi wucewa, sai da na jiƙa da shayi.

Alhamis, 25 ga Yuli, da safe

Vernice ta kira tun ban wanke baki ba. Ko gaisuwa babu.

"Ozella Gaines, ke tsohuwar banza ce."

"Ina kwana, Vernice."

"Kin sa baiwar Allah ta tsaya a falona tana hawa inda ake sauka, baki har kunne, wai Mis Ozella ta ba ta sirri."

"Ƙila kunnenta ne."

"Kunnen uwarki. Shekara nawa nake tsaye a kan muryar nan kamar daɓe? Ki janye bulo ɗaya ki ce ba zan ji ba?"

Daɓe. Abin da ake takawa.

"Ban gaya mata ba," in ji ta. "Na ce ƙila ba ta riƙe daidai ba. Za ta dawo. Wannan karon ki koya mata yadda uwar Claretha ta koya mana, ba da baki ba."

Na ce zan duba. Ta ce, "Zell." Ta tsaya. Na ji numfashinta. Sai ta ce, "Ba komai," ta ajiye.

Litinin, 29 ga Yuli, da yamma

A ɗakin jira yau akwai wani dattijo da hular soja. Matarsa ta tambaye shi ko ya kulle mota. Ya zaro wani abu kamar tocila daga aljihu, ya danna a ƙarƙashin haɓarsa, ya ba ta amsa. Kamar ƙudan zuma a cikin gwangwani. Matar ko a jikinta, ta saba.

Na ce wa Lamont ina son banɗaki. Na daɗe a ciki.

Sun ce ba lallai ba ne ni ma in koma haka. Sun ce sai sun shiga sun gani. Ba lallai ba, ba lallai ba, duk wanda ya shigo da farar riga sai ya ce ba lallai ba.

Mis Tuggle, ki ɗan zauna. Ba rubutu za ki yi ba, zama kawai.

Talata, 30 ga Yuli, da la'asar

Gwen ta dawo, ba kek.

Uwar Claretha ba ta san takardar kiɗa ba, mu ma haka. In za ta koya miki, sai ta kama hannunki ta ɗora yatsunki a maƙogwaronta, ɗaya hannun a ƙirjinta, ta rera. Ki ji inda abin yake zaune a jikinta, sannan ki nemo shi a naki. Takan ce kunne maƙaryaci ne, yatsa ba ya ƙarya. Haka na samu muryar ƙasa ina 'yar shekara sha huɗu.

Na yi niyyar hannun ƙirji kawai zan ba ta. Amma ba ya yiwuwa, saukar nan ta baiti na biyu a wuya take. Kuma muryar tawa yanzu ba ta kai kunne, sai dai yatsa. Na kwance ƙyallen.

"Kawo hannunki."

Hannunta da sanyi, tafin ya yi kanta saboda riƙe sitiyari. Na ɗora. Na fara. Na ji yatsunta suna bin waƙar, suna sauka, sai suka iso wurin suka tsaya.

Ban daina ba. Ita ma ba ta janye ba. Ta ɗan sassauta kawai, kamar mai riƙe ƙwai. Na kai baitin ƙarshensa.

"Sauka ake yi," na ce.

"Na ji."

"Ran nan na faɗa miki ba daidai ba."

"Na sani, Mis Ozella. Tun a mota na gane. Na ce da wurina ne aka zo karɓa, da abin da zan yi ya fi haka."

"Amma kika je kika rera wa Vernice?"

"Ke kika koya mini. Ba ni zan je in ce kin yi ƙarya ba."

Muka sake, sau da yawa. Da za ta tafi ta tsaya a ƙofa tana gyara jaka, ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Maigidana ma ƙyalle ya riƙa ɗaurawa. Shi ya daɗe bai je ba. Ke kin je?"

"Ran bakwai."

Ta ƙirga a ranta, na ga lokacin da ta kai goma. Ta ce, "To," ta sauka.

Alhamis, 1 ga Agusta, da rana

Gwen ba ta faɗa wa kowa ba. Ko a nan ma sai da ta fi ni.

Asabar, 3 ga Agusta, da hantsi

Mis Tuggle ta tafi wurin 'yarta, Lamont yana aiki. Gwen ce ke riƙe da biro. Na ce kar ta buɗe shafukan baya. Ta ce ta riga ta ga "ƙatuwar", kuma gaskiya ce.

Rubuta abin da zan faɗa, ko da ke ake. Ba na so ki hau. Ba don ba ki iya ba. Ina so Vernice ta tsaya ta tambaya, wurin Claretha ya wuce shiru, nawa ma ya wuce shiru. Mutane su ji babu ni. Su juya su ce ina Ozella? Sau ɗaya a rayuwata a ji ni, ko da ta rashina ne. Abin da aka yi wa Claretha a yi mini. Ban fi ta ba, amma ba ta fi ni ba.

Gwen ta ce in haka nake so ita ba za ta hau ba, amma ni zan faɗa wa Vernice da bakina, ita ba 'yar aike ba ce.

Ta iya magana yanzu. Da farko kamar ba za ta kashe ƙuda ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, da yamma

Gwen ce dai. Ita ta ɗauko Vernice daga coci, don matakalar benen nan sai da mai riƙe ta. Ta iso sama tana haki, da hularta mai fure, ta faɗa kujerata ba a ce ta zauna ba.

Na faɗa mata abin da nake so. Ban faɗi dalili ba. Ta bar ni na gama.

"Kin gama?"

"Na gama."

"Yaushe za su yi?"

Na kalli Gwen. Gwen ta ɗaga hannu biyu.

"Kar ki harare ta, ba ta ce komai ba. Lamont ma bai ce ba, na tare shi ya gudu kamar ɓarawo. Zell, tun Ista na ji. A waƙar tashin Ubangiji, kina bayana. Na koma gida na kasa cin abinci. Ina jira ki faɗa mini, ke kina jira in mutu ban sani ba."

"Laraba."

Ta cire hular ta ɗora a gwiwa. Gashinta saura kaɗan. Na manta rabon da in ga kanta a buɗe.

"Kuma kina so in bar wurinki shiru."

"Kamar na Claretha."

"Claretha na ƙarƙashin ƙasa, shashasha. Na bar nata don ba za ta dawo ta karɓa ba. Ki ce in tsaya gaban mutane in yi miki abin da nake yi wa gawa, kina kwance a asibiti da ranki? In kira miki mutuwa da bakina?"

"Ke dai kina son amshi a bayanki. Ba ki taɓa iya tsayuwa ba sai da mu."

"Ban taɓa ba," in ji ta. "Yau kika sani? Kin ɗauka daɗi ne gaban nan? Ku kuna da juna, kuna dariya a kunnen juna, kuna tauna abu ɗaya. Ni ni kaɗai da fitila a ido, ban ga kowa ba, sai dai in ji ku. In tambaya, dama shiru, hagu shiru? Zan faɗi a wurin, Zell. Wallahi zan faɗi."

Wai ita ke kishinmu. Ka ji mace. Da fuskarta kamar faranti a kwalin faifai.

Na ce, "Ku ne kuke raɗa a kujerar baya."

"Ke muke yi. Kina barci kina minshari a kan akwatuna, muna neman muryar da ta dace da shi."

Gwen ta yi dariya har ta ɓata layin. Na ce ta gyara.

Ba mu gama komai ba. Vernice ta mayar da hularta a karkace, ta ce a yi bitar ƙarshe nan, a matakalar benena, tunda na Dauphin an rushe shi an yi wurin ajiye motoci.

Litinin, 5 ga Agusta, da rana

Mis Tuggle ta dawo. Ta karanta na jiya, ta ce Vernice ta fi ni gaskiya. Na ce ba alƙali na ɗauka ba.

Ban ce na yarda ba. Ban ce ban yarda ba.

Talata, 6 ga Agusta, da yamma

Gwen ke rubutawa.

Matakalar nan ba ta kai waccan ba, amma tana amsawa. Vernice ta zauna a kujerar roba a tsakiya, Mis Tuggle ta buɗe ƙofarta, mutanen hawa na biyu suka leƙo da yaransu. Gwen ta tsaya a hagu. Na ga ta tsaya a tsakiyar wurin, na ja ta gefe. Na ce rabi ne namu, rabin na Claretha ne, ta matse kafaɗunta.

Ni ban buɗe baki ba. Na tsaya a bayanta na ɗora tafina a tsakiyar bayanta, in lokacin numfashi ya yi in danna. Vernice ta fara. Tsohuwa, gwiwa ta mutu, amma muryar tana nan, Allah ya isa.

Da aka zo baiti na biyu Gwen ta sauka. Na ji sautin a hannuna, ya bi ta haƙarƙarinta ya shigo tafina ya hau har kafaɗata. Nawa ne, ba ƙari ba ragi. Ban taɓa jin sa daga waje ba. Shekara hamsin da ɗoriya ina cikinsa, ban san haka yake da kyau ba. Ba wanda ya gaya mini.

Vernice ba ta juyo ba. Ba ta taɓa juyowa in tana waƙa. Amma na ga ƙeyarta ta saki.

Ta yi daidai. Rubuta haka, ke da hannunki, kar ki ƙara komai. Rubuta kuma ban ji daɗi ba.

Da aka watse Vernice ta ce, "In na zo gabatar da mu, me zan ce musu?"

"Ki ce ga Gwen a hagu, tana riƙe wa Ozella wurinta."

"Shi ke nan?"

"Ki faɗi sunana sau biyu. Naki sau ɗaya."

Ta yi tsaki. Ta ce za ta duba.

Laraba, 7 ga Agusta, da sassafe

Mis Tuggle, da rigar barcinta. Sun ce kar in ci kar in sha.

Ki gaya wa Gwen aron wurin na ba ta. Ki gaya mata kar ta yi wa mutane murmushi da yawa, muryar ƙasa ba ta roƙo. In sun tafa mata ta karɓa, amma kar ta zo ta ba ni labarin yawan tafin. Ko ta ba ni. Ta rage kaɗan dai.

Lamont na ƙasa yana danna hon. Ina jakata?

Akwai sauran magana, da yawa ma. Amma bari in rage in shiga da ita can, ko za su bar mini. Ajiye biron ki riƙe ni mu sauka.